Nauyin Harsashi Wajen Harbin Manyan Namun Daji

Ya kamata hakimai da magatakardansu su san wannan al'amari, domin gare su talakawa ke kai kuka in bauna ko dorina ta yi ɓarna a gona.

Ana auna harsashi da wani awo da Turawa ke kira giren. Giren 7,000 ne ke yin laba ɗaya. Bindigar .375, wadda kamfanin Holland & Holland na London ya fitar a 1912, ta zo da harsashi iri uku: mai giren 235, da 270, da 300. Na farko ya fi sauri, ya dace da mariya ko kanki a fili. Amma bauna sai na 300, gama mara nauyi kan farfashe a ƙashin kafaɗa bai kai zuciya ba. Bauna kuwa in ta ji rauni ta shiga duhuwa ta yi kwanto, mai tsautsayi da za ta far wa na iya zama manomi ko mai neman itace, ba maharbin kaɗai ba.

Harsashin .303 mai giren 174 na yaƙi ne, bai isa wannan aiki ba. Kafin harbi kuma, lalle hakimi ya nemi ganin lasin maharbin.