Koyar da Yara Tarihin Bauta ta Hanyar Majigi

Daga cikin al'amuran da malaman makarantun Amurka suka daɗe suna tufka da warwara a kansu, akwai yadda za a sanar da ƙaramin yaro labarin bautar da aka yi a ƙasarsu har zuwa 1865, ba tare da an razana shi ba, ba kuma tare da an yi wa gaskiya kwaskwarima ba. Don haka da yawansu suka karkata ga majigi da zane mai motsi, kasancewar gani ya kori ji.

Mafi alfanu a cikin waɗannan hotuna su ne waɗanda ba su dogara ga nuna bulala da mari ba. Ga Frederick Douglass yana yaro a birnin Baltimore, uwargijiyarsa tana biya masa baƙaƙe, sai maigidan ya tsawatar, a kan cewa ilimi yana ɓata bawa. Daga nan yaron ya riƙa ɗaukar burodi yana ba 'ya'yan talakawan Turawa a bakin titi, su kuwa suna biyansa da karatu, har Allah Ya nufe shi da kuɓuta a 1838. Yaron da ake tasa makaranta da kuka, in ya ga wannan, ba ya bukatar dogon wa'azi. Haka nan Harriet Tubman, wadda ta tsere daga Maryland a 1849, amma ta yi ta komawa cikin dare har ta fitar da kimanin mutum 70.

Sai dai majigi yana da aibi, domin yana ƙaunar gwarzo guda. In aka tsaya ga William Wilberforce da dokar hana cinikin bayi da majalisar Ingila ta yi a 1807, yaro zai zaci bayi sun naɗe hannu ne suna jiran mai ceto, alhali kuwa a Bahia ta Barazil, cikin Ramalana na 1835, bayi Musulmi, galibinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, sun yi tawaye da makami a hannu.

Wajibi ne kuma malamin da zai nuna wannan a Kano ko Damagaram ya shirya wa tambayar da babu makawa za ta zo, wato ko mu ma mun yi. Mun yi, doka ba ta kammala soke bauta a Arewacin Nijeriya ba sai 1936, Nijar kuwa sai 2003 ta sanya mata hukunci, kuma ta yiwu a ajin akwai wanda har yau ake yi wa gorin asali.