Daga Uthman zuwa Usmanu: Yadda Bakin Bahaushe Ke Gyara Suna

A Liba da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙasar Maiyama, ran suna liman kan raɗa wa jariri suna da Larabci tsantsa, kafin rana ta faɗi kuma kakarsa ta riga ta mayar da shi Hausa. Wasu matasa na ɗaukar hakan a matsayin ɓata suna. Ni kuwa ina ganin gyaran yana da ƙa'ida tsararriya, kuma ya kamata a san ta.

Abu na farko, akwai haruffan Larabci da babu su a Hausa, sai baki ya nemi mafi kusa. Harafin da ake ciza harshe a Uthman ya koma "s". Na maƙogwaro da ke farkon Khadija da Khalid ya koma "h", aka sami Hadiza da Halidu. Harafin lodi (ض) ma, wanda ya fi wuya, "l" ya zama: shi ya sa Murtada ya koma Murtala, kamar sunan Janar Murtala Muhammad.

Na biyu, kalmar Hausa tana son ƙarewa da wasali, kuma ba ta son baƙaƙe su yi cunkoso. Saboda haka ake ƙara "u" ko "i" a ƙarshe, a kuma cusa wasali a tsakiya. Malam Abdussalami na Gimbana, almajirin Shehu Usmanu, wanda ɗansa Buhari ya kafa Jega, da wannan "i" tarihi ya riƙe shi. Zulkifilu ma haka ya samu.

Na uku shi ne karin harshen yankin, kuma nan ne aka fi yi wa mutanenmu rashin adalci. Bakano zai ce Audu, mutumin Jega ko Aliero ya ce Abdu, daidai da yadda yake cewa sabka da zamna inda Bakano ke cewa sauka da zauna. A nan ai bakin Kabi ne ya fi kusa da asali. Sai dai "f" takan koma "h" ko "hw" a yankin, Yusuf ya zama Isuhu, Fatima ta zama Hwatima. Bayan wannan ga alkunya: matar da ba za ta iya kiran sunan surukinta ba dole ta nema wa ɗanta laƙabi, Abubakar ya zama Garba, Umaru ya zama Sanda.

Duk wannan bai taɓa cutar da kowa ba sai da takarda ta shigo. Malamin firamare ya rubuta Isuhu kamar yadda ya ji, banki ya rubuta Yusuf, katin ɗan ƙasa ya ɗauki Yusufu. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, don haka yaron da ke neman gurbi a jami'ar Aliero zai iya shafe makonni yana rantsuwa a kotu cewa shi ne dai mutum guda.

Yanzu kuma ana yayin tono sunaye daga littattafai, irin su Mu'utasim da Ghazali, waɗanda tsofaffi ba sa iya furtawa. Ma'anarsu na da kyau, ban musa ba. Amma uba ya gwada sunan a bakin kakar yaron tun kafin a yanka rago, ya ji abin da zai koma, musamman masu farawa da Abdul, kada a yanke Abdurrahman a bar Rahman, wanda malamai suka hana kiran mutum da shi. In ya gamsu, ya zaɓi rubutu ɗaya na boko, ya sa shi a takardar haihuwa, kuma ita zai riƙa kai wa makaranta da banki su kwafa harafi da harafi.