Kakar Kurket ta 1994 a Ingila: Shekarar da Brian Lara ya ci maki 501

A tarihin gasar kurket ta gundumomin Ingila, wadda ake kira County Championship, da wuya a sami kakar da har yau ake yawan tunawa da ita kamar ta shekarar 1994. A wannan kakar ce ƙungiyar Warwickshire ta birnin Birmingham ta ɗauki kofuna uku, kuma wani matashi ɗan tsibirin Trinidad, Brian Lara, ya kafa tarihin da har yanzu ba wanda ya kamo shi.

Ita dai wannan gasa an fara ta a hukumance tun 1890, kuma a 1994 ƙungiyoyi 18 ne suka fafata, 17 daga Ingila, ɗaya daga Wales. Wasa ɗaya kwana huɗu ake yi ana buga shi. Ɓangare ɗaya yana jifan ƙwallo da nufin kayar da sanduna uku da aka kafa a ƙasa, ɗaya ɓangaren kuma yana kare sandunan da wani faffaɗan katako, yana dukan ƙwallon don tara maki. Ɗan wasan da ya tara maki 100 kafin a fitar da shi, to ya yi abin yabo.

Warwickshire ta shiga kakar cikin damuwa. Rabonta da kofin gasar tun 1972, ga shi kuma gwaninta na jifa, Allan Donald, ba zai samu buga mata ba, saboda ƙasarsa Afirka ta Kudu tana da wasanni a Ingila a wannan shekara. Manoj Prabhakar na Indiya da aka nemo don ya maye gurbinsa, sai aka tarar yana fama da rauni. Daga nan ne shugabannin ƙungiyar suka juya ga Lara. Sun kuwa taki sa'a, domin a watan Afrilu ya ci maki 375 a karawar ƙasashen West Indies da Ingila a Antigua, inda ya shafe tarihin maki 365 da Garfield Sobers ya kafa a 1958.

Da isowarsa Birmingham sai ya ɗora daga inda ya tsaya. A shigarsa fili sau shida na farko, sau biyar ya haura maki 100. Ta bakwai ita ce karawa da Durham a filin Edgbaston, a farkon watan Yuni. Durham ta fara tara maki 556. Da Lara ya shiga, saura ƙiris a sallame shi da wuri: yana da maki 12 aka kayar da sandunansa, amma alƙali ya ce jifan bai halatta ba. Yana da 18 kuma, mai tsaron bayan sanduna, Chris Scott, ya saki ƙwallon da ya faɗo hannunsa. Ruwan sama ya hana wasa a rana ta uku.

Ranar Litinin 6 ga Yuni, Lara ya dawo fili da maki 111, ya kuma ƙara 390 a yini guda. Ana dab da tashi, yana da 497, ƙwallo ya buge shi a hular kwano. Abokin wasansa Keith Piper ya sanar da shi cewa lokaci ya kusa ƙarewa, sai ya doki jifa na gaba har bakin fili, ya kai 501 ba a fitar da shi ba. Da haka ya wuce Hanif Mohammad na Pakistan, wanda ya ci 499 a Karachi a 1959. Abin mamaki, mai horar da Warwickshire, Bob Woolmer, yana yaro ya kalli wancan wasa na Karachi da idonsa.

Sai dai duk da wannan bajinta, canjaras aka tashi. Kofin gasar ya samu ne daga wasanni 11 cikin 17 da ƙungiyar ta ci, a ƙarƙashin kyaftin Dermot Reeve da mataimakinsa Tim Munton, wanda ya riƙa jagoranci lokacin da Reeve ke jinya. Amfanin Lara shi ne saurin da yake tara maki, abin da ya ba masu jifa isasshen lokaci su fitar da abokan karawa kafin kwana huɗu su cika. Ya gama kakar da maki 2,066 a gasar.

Warwickshire ta haɗa da kofin Benson & Hedges da kofin wasannin Lahadi. Na huɗun ne ya kuɓuce mata, sa'ad da maƙwabciyarta Worcestershire ta doke ta a wasan ƙarshe na kofin NatWest a filin Lord's da ke Landan. A 1995, bayan Donald ya dawo, ta sake ɗaukar kofin gasar ba tare da Lara ba.

Shi kuwa Lara, Matthew Hayden na Ostareliya ya shafe masa tarihin 375 a 2003, ya kuma ƙwato abinsa a 2004 da maki 400. Amma maki 501 na Edgbaston, bayan fiye da shekaru 30, suna nan daram.