Basim Yusuf na Masar: likitan zuciya da ya ajiye wuƙar fiɗa ya ɗauki wasa

Talakan Masar ya daɗe da sanin cewa maganar da ba ta faɗuwa gaban sarki tana faɗuwa cikin wasa. Bayan da Isra'ila ta ci sojojin ƙasar da yaƙi cikin kwana 6 a shekarar 1967, ba'ar da mutane suka riƙa yi wa hafsoshi ta yi yawa, har shugaba Jamal Abdul Nasir da kansa ya koka da ita cikin jawabi, yana neman jama'a su sassauta. Husni Mubarak kuwa, wanda ya riƙe ƙasar kusan shekara 30, sunan da aka laƙa masa a ɓoye shi ne La vache qui rit, wato saniyar nan mai dariya da ke jikin kwalin cuku, wadda kowane mai kanti ya sani. Amma duk wannan raɗa ce ta gidan shayi da cikin taksi. Ba a san wanda ya fara ba, saboda haka babu wanda za a kama.

Wanda ya fitar da raɗar fili, ya sa mata fuska da suna, likita ne. Basim Yusuf, haifaffen Alƙahira a 1974, aikinsa fiɗar zuciya. Sa'ad da jama'a suka cika dandalin Tahrir daga ranar 25 ga Janairu 2011 suna neman burodi da ƴanci da adalci, yana cikin likitocin da suka je ɗaurin raunuka. In ya koma gida ya kunna telebijin, sai ya tarar da wani labari dabam: wai masu zanga-zangar ƴan haya ne, wai ƙasashen waje ke biyan su da kuɗin Turai, wai soyayyar kaza ta Kentucky ake raba masu shi ya sa suka ƙi tashi. Manyan ƴan wasa da masu gabatar da shiri suka bi layi suna faɗin haka, wasu har da hawaye. Mubarak ya sauka ranar 11 ga Fabrairu, kuma kafin a ce kwabo mutanen nan sun juya riga, sun zama masoyan juyin juya hali tun fil azal.

Cikin watan Maris na wannan shekara Basim ya kafa tebur ɗaya da kujera ɗaya da kamara ɗaya cikin ɗakin wanki na gidansa, ya fara sakin gajerun shirye-shirye a YouTube. Dabararsa ba ta da wuya: ya nuna abin da mutum ya faɗa jiya, ya nuna abin da yake faɗi yau, sa'an nan ya dubi kamara ya ɗaga gira. Shi kansa bai ɓoye ba cewa a wurin Jon Stewart na Amurka ya ga salon. Cikin ƴan watanni an kalli shirin sau miliyoyi. Tashar ONTV ta ɗauke shi da azumin 2011, aka sa wa shirin suna Albarnamaj, ma'ana "Shirin", kamar dai a ce babu wani sai shi.

Alkawari 64

Lokacin da shirin ya yi ƙarfi sosai shi ne zamanin Muhammad Mursi na ƙungiyar Ƴan'uwa Musulmi, shugaban farar hula na farko da aka zaɓa, a watan Yuni 2012. Mursi ya shigo da alkawura 64 da ya ce zai cika cikin kwana 100, kuma ba su shafi manyan kalmomi ba, sun shafi abin da ke damun magidanci da safe: tsaro, cunkoson motoci, burodi, tsabtar gari da man mota. Wasu matasa suka buɗe shafi a intanet suna ƙirga masa. Da kwana 100 suka cika, waɗanda aka cika ba su wuce 10 ba. Ranar 22 ga Nuwamba kuma shugaban ya fitar da doka wadda ta ɗora hukuncinsa bisa kan kowace kotu. Washegari Albarnamaj ya dawo a tashar CBC, wannan karon cikin wani tsohon gidan siliman tsakiyar Alƙahira, gaban ƴan kallo masu rai.

Dare na Juma'a ya zama na Basim. An ƙiyasta masu kallonsa sun kai miliyan 30, a ƙasar da yawanta bai kai miliyan 90 ba a lokacin. Bayansa akwai tarin matasa waɗanda aikinsu duk mako shi ne zama gaban tashoshi suna yanke maganganun manya suna ajiyewa. A nan ƙarfin shirin yake, ba a iya kwaikwayon murya ba. Ma'aikacin gomnati ya san darajar takardar da aka ajiye cikin fayil, ɗan kasuwa ya san darajar littafin bashi. To, Albarnamaj littafin bashi ne da ake karanta wa shugabanni a bainar jama'a, ana dariya. Minista ya ce ba za a ƙara ɗauke wuta ba, a nuna maganarsa da kwanan wata, alhali rabin masu kallo sun yini cikin zafi babu lantarki. Shugaba ya cika jawabinsa da kalmar ƙauna, Basim ya fito rungume da jan matashin kai mai hoton shugaban.

Bai kuma bar masu wa'azin telebijin da suka mai da mumbari wurin zagin abokan hamayya ba. Ya riƙa nuna zagin da bakinsu, yana cewa shi Musulmi ne, kuma masu irin wannan baki su ne ke zubar da mutuncin addini. Nan ne aka samu abin kama shi. Ƙarshen Maris 2013 babban mai shigar da ƙara na ƙasa ya ba da takardar kamu, bisa zargin cin mutuncin shugaban ƙasa da na Musulunci. Basim ya kai kansa ranar 31 ga wata, sanye da wata ƙatuwar hula, kwaikwayon wadda Mursi ya sa a Pakistan ranar da aka ba shi digirin girmamawa. Aka yi masa tambayoyi na wasu sa'o'i, aka sake shi kan belin fam 15,000 na Masar. Ƴan kwanaki bayan haka wata kotu ta yi watsi da ƙarar da ke neman a rufe shirin. Ya kamata a faɗi wannan domin adalci: Mursi ya kai shi gaban shari'a, amma a zamaninsa shirin bai taɓa sauka daga iska da umurnin hukuma ba.

Tsuntsu ɗan leƙen asiri

Watan Yuni 2013 ya zo da layin esansi mai tsawon tituna da ɗaukewar wuta ba dare ba rana. Ranar 30 ga wata miliyoyi suka fito, ranar 3 ga Yuli janar Abdul Fattah al-Sisi ya tuɓe Mursi. Abin mamaki, cikin ƴan kwanaki layukan suka ɓace, wuta ta daidaita. Magoya bayan Mursi suka ce da ma ɓoye man aka yi don a tunzura jama'a, kuma ba su kaɗai suka yi wannan zato ba. Wannan shi ne abin da ke sa zancen makirci yake da wuyar sha'ani: inda hukuma ta saba ɓoye gaskiya, wani zargin yakan faɗa daidai, kuma shi ke ba sauran dubu na banza lasin yawo.

Na banzan kuwa Masar ta gan su iri-iri. Tun a Disamba 2010, da wani babban kifin teku ya riƙa kai wa masu wanka hari a Sharm al-Shaikh, gomnan yankin ya ce ba a kore yiwuwar cewa ƴan leƙen asirin Isra'ila ne suka sako shi ba. A 2013, a lardin Ƙina, wani mutum ya kama tsuntsu dangin shamuwa ya kai wa ƴan sanda domin ya ga wata ƴar na'ura a bayansa. Tsuntsun ya kwana a tsare, kafin a gane masu binciken ƙaurar tsuntsaye ne na Turai suka maƙala masa ita. Aka sake shi, bai daɗe ba aka tarar an kashe shi. Farkon 2014 kuma masu shigar da ƙara suka kira ma'aikatan kamfanin tarho na Vodafone su yi bayani, domin wani ya kai ƙara cewa ƴar tsanar nan Abla Fahita, wadda ke tallar kamfanin, tana aika wa masu dasa bam saƙo a ɓoye. Mai wasan barkwanci a irin wannan ƙasa ba ya buƙatar ƙirƙira. Wahalarsa ita ce ya samo abin da ya fi labarun ƙarfe 9 ban dariya.

Basim ya goyi bayan fitowar 30 ga Yuni, kuma akwai masu riƙe da shi har yau cewa dariyar da ya yi wa Mursi ta share wa sojoji hanya. Zargin ba maras tushe ba ne ɗungum. Sai dai tun cikin Yuli ya rubuta a jarida yana jan kunnen ƴan ɓangarensa kan murnar da suke yi da zubar jinin abokan gaba. Ranar 14 ga Agusta jami'an tsaro suka watse zaman dirshan na dandalin Rabi'a, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga aƙalla gawa 817. Shirin yana hutu a lokacin. Da ya dawo ranar 25 ga Oktoba, ya taɓa haukan son Sisi da ya kama gari, har ana buga hoton janar ɗin a jikin alewar cakulan. Bai zagi janar ba, masu yi masa fadanci ya yi wa dariya. Mako ɗaya bayan haka, ranar 1 ga Nuwamba, CBC ta janye shirin ana gab da sa shi. Da yawa daga waɗanda suka tafa masa jiya su ne suka taru ƙofar gidan siliman suna kiran sa maci amana.

Shi ma ba a bar shi babu tabo ba. A Maris 2014 aka kama shi ya kwashe rubutun wani ɗan jaridar Ingila kan Rasha ya sa a filinsa na jarida ba tare da ambaton mai shi ba. Ya nemi gafara a fili, abin da ba a cika ji daga bakin waɗanda yake yi wa ba'a ba.

Na'urar da ke mai da cuta tsire

Shirin ya koma tashar MBC Masr a Fabrairu 2014, kuma cikin wannan wata rundunar soja ta ba shi kyautar da ta fi kowace. Aka tara manyan ƙasa, aka sanar cewa injiniyoyin soja sun ƙera na'ura mai gano cutar sida da ciwon hanta nau'in C daga nesa, da wata mai warkar da su sarai. Wani mai muƙamin janar, Ibrahim Abdul Ati, ya bayyana cewa yana cire cutar daga jikin majinyaci ya mayar masa da ita abinci, kamar kufta, wato niƙaƙƙen naman nan da ake gasawa a tsinke. Aka ce za a fara jinyar jama'a ranar 30 ga Yuni.

Wannan ba abin dariya ba ne ga gidaje da yawa. A lokacin Masar ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ciwon hanta nau'in C in aka kwatanta da yawan jama'a: binciken 2008 ya nuna kusan mutum 1 cikin 10 na masu shekara 15 zuwa 59 na ɗauke da ƙwayar. Kuma asalin bala'in daga hannun hukuma ya fito, domin daga wajen shekarun 1950 zuwa farkon 1980 an yi ta yi wa mutanen karkara allurar maganin tsargiya da sirinjin gilashi ɗaya, daga hannu zuwa hannu, ba tare da tafasa shi yadda ya kamata ba. Mutanen da aka cutar da allura su ne yanzu ake yi wa alkawarin sandar tsafi. Isam Hajji, mai ba shugaban riƙon ƙwarya shawara kan kimiyya, ya kira abin da sunan abin kunya, aka yi masa ca. Wasu masu gabatar da shiri suka ce duk mai shakka yana yi wa kamfanonin magani na waje aiki ne.

Basim likita ne, ya san abin da na'urar take. Bai tsaya dogon musu ba: ya kafa agogo a shirin yana ƙirga kwanakin da suka rage kafin 30 ga Yuni, yana tuna wa mutane kowane mako. Cikin Maris aka riƙa toshe siginar tashar daidai lokacin shirin. Da zaɓe ya matso aka ce ya dakata kada ya karkata ra'ayin masu jefa ƙuri'a. Sisi ya ci da kusan kashi 97 cikin 100. Ranar 2 ga Yuni 2014 Basim ya tara ƴan jarida cikin gidan siliman, ya ce shirin ya ƙare, yanayin ƙasar bai dace da irinsa ba, kuma ya gaji da fargaba kan kansa da iyalinsa. Saura kwana 28 agogon ya cika.

A Nuwamba wani zaman sasanci ya yanke cewa ya biya CBC fam miliyan 50 kan saɓa yarjejeniya, alhali tashar ce ta dakatar da shi. Ya bar ƙasar, ya bi ta Dubai, ya zauna Amurka, inda ya koma koyon sana'ar daga tushe cikin harshen Ingilishi. Waɗanda ba su da sunansa ba su samu jirgi ba: a Mayu 2016 aka kama wasu matasa na ƙungiyar Atfal al-Shawari, ma'ana yaran titi, waɗanda da wayar hannu kawai suke ɗaukar wasanninsu a bakin hanya, suka yi watanni a tsare.

Ana saura kwana biyu wa'adin na'urar ya cika, rundunar soja ta sanar cewa an ɗaga fara jinyar da wata 6 domin ƙarin gwaji. Watannin suka wuce, babu wanda ta warkar. Maganin gaskiya ta wata ƙofa ya shigo: a wannan shekara ta 2014 ma'aikatar lafiya ta yi ciniki da kamfanin Gilead kan ƙwayar sofosbuvir, ta same ta kan dalar Amurka 900 ga jinyar mako 12, wadda ake sayarwa 84,000 a Amurka, daga baya kamfanonin gida suka shiga yin ta da araha. Daga Oktoba 2018 aka bi gari da ƙauye ana gwajin jini kyauta, aka gwada kusan mutum miliyan 50 cikin ƴan watanni. Fiye da miliyan 4 aka yi wa magani, kuma a Oktoba 2023 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ba Masar shaidar zinariya kan hanyar kawar da cutar, ƙasa ta farko da ta same ta.