Ƙarancin Jinin da Ke Farawa Daga Tukunya

A Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, idan idon mai ciki ya yi fari, akan ce sinadarin ƙarfe ta rasa. Sai dai akwai wani ƙarancin jinin da rashin folik asid ko bitamin B12 ke haddasawa, inda ɓargo ke fitar da jajayen ƙwayoyin jini manya-manya, 'yan kaɗan, masu saurin lalacewa. Binciken Farfesa Alan Fleming a Zariya ya danganta shi da zazzaɓin cizon sauro a jikin masu ciki. Doguwar dahuwa tana kashe folik asid ɗin zogale da alayyahu. B12 kuwa yana cikin nono, ƙwai, hanta da kifin Tiga, waɗanda akasari kasuwa ake kaiwa. Magidanta, ku rage wa gida, ku kai mata awo da wuri.