Manyan Nijar da Arzikin Ƙarƙashin Ƙasar Abzin

Wanda ya bi tarihin shugabannin Nijar ɗaya bayan ɗaya zai yi ta cin karo da sunan Arlit da uraniyom ɗinta.

Diori Hamani, shugaban ƙasa na farko a 1960, Bazabarme ne daga Soudouré, amma tun yana malamin makaranta ya koyar da Hausa da Zabarmanci a birnin Paris, ga Turawan da ake shirin turowa su mulki ƙasarsa. A zamaninsa aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka fara fitar da uraniyom daga Arlit a 1971. Da fari ya gallabi ƙasa, Diori ya matsa wa Faransa ta ƙara farashi. Ana tsakiyar wannan ciniki sojoji suka kifar da shi ranar 15 ga Afrilu 1974, matarsa Aissa ta rasa ranta a daren. Seyni Kountché da ya karɓi mulki shi ya ci moriyar tashin farashin.

Mahamadou Issoufou, wanda magoya baya ke kira Zaki, injiniyan ma'adinai ne da ya yi karatu a Saint-Étienne, ya yi aiki a SOMAIR har ya kai babban sakatare. Ya sha ƙurar Arlit kafin ya san kujerar mulki. Ya nemi shugabanci a 1993 da 1996 da 1999 da 2004, duk ya faɗi, sai a 2011 ya samu. Firaministansa kuwa, Brigi Rafini, ɗan Iferouane, ya riƙe muƙamin shekara goma cur, abin da ba a saba gani ba a Yamai.

Mano Dayak ya fi kowa ban mamaki a wurina. Ɗan makiyayan Tidene ne, ya buɗe kamfanin yawon buɗe ido a Agadez, ya taimaka wa masu tseren motoci na Paris zuwa Dakar, daga baya ya zama jigo a tawayen Abzinawa. Ya rasu a hatsarin jirgin sama cikin duwatsun Abzin a Disambar 1995, yana kan hanyar zuwa tattaunawar sulhu. Yau filin jirgin saman Agadez sunansa yake ɗauke da shi. Rhissa Ag Boula, wani jigon tawayen, wanda ya sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995, ya ajiye bindiga ya zama ministan yawon buɗe ido, ranar kuma ta zama hutun ƙasa.

Sai Shugaba Tandja Mamadou da Imouraren, wurin da ke yankin Dannet, kudu da Arlit. Tun 1966 aka gano ma'adinin uraniyom na wurin, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya. Tandja ya aza harsashin aikin haƙarsa a Mayun 2009, kuma manyan ayyuka irin wannan ne 'yan Tazarce suka kafa hujja da su cewa a bar shi ya ƙarasa. Sojoji suka sauke shi ranar 18 ga Fabrairu 2010. Areva, kamfanin da ke riƙe da lasisin haƙar, ta dakatar da aikin a 2014, makiyayan wurin da matasan da aka yi wa alkawarin aiki suka ci gaba da jira, abin da har yanzu ke ɓata mini rai. A Yunin 2024 gwamnatin Janar Tiani ta ƙwace lasisin daga hannun Orano, wato Areva a sabon sunanta.