Kwanon manja da sakamakon gwajin fitsari

Duk wadda ta taɓa wanke kwanon miyar manja ta san ruwa kaɗai ba ya fitar da maiƙon. Sai an sa sabulu zai saki, ya bi rariya ya faɗa kwata. Haka jiki yake fama da bilirubin, sinadarin nan mai launin ɗorawa da ke fitowa idan jajayen ƙwayoyin jini sun yi kwana 120 ko kusa da haka, saifa ta farfasa su. Ɗanyensa ba ya narkewa a ruwa, ƙoda ba ta iya tace shi. Hanta ce mai wanke-wanken. Ita ke sarrafa shi ya narke, ta tura shi ta bututun matsarmama zuwa hanji, inda bakteriya ke mai da shi urobilinojin. Mafi yawansa yana fita da bayan gida ya ba shi launi, kaɗan ya koma jini ya fito a fitsari. Don haka fitsarin mai lafiya ba shi da bilirubin, urobilinojin kuwa ba ya wuce miligiram 1 a desilita.

In rariya ta toshe, ruwan sabulu tsakar gida yake komowa, kwata ta bushe. Haka tsakuwa ko ƙari ke yi a bututun matsarmama: bilirubin ya bayyana a fitsari ya yi duhu, urobilinojin ya yi ƙasa, bayan gida ya yi fari-fari. Ranar biki kuwa rariya lafiyarta lau, kwanuka ne suka yi yawa, kwata ta cika. Wannan shi ne mai sikila, ko mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da jininsa ke farfashewa: urobilinojin ya hau, bilirubin babu a fitsari, ko da idonsa ya yi ɗorawa. In mai wankin ce ba ta da lafiya, wato ciwon hanta, duka biyun kan tashi.

Shi ya sa nake takaicin yadda ake haɗa wa kowane mai shawara jiƙo iri ɗaya. Mai toshewa yana iya bukatar tiyata, mai sikila ƙarin jini, kuma bilirubin kan nuna a fitsari tun ido bai canza ba.

A kai fitsarin ɗakin gwaji da zarar an yi shi, don haske yana lalata bilirubin, yawan shan bitamin C ma yana iya ɓoye shi. Tsinken da ake tsomawa a fitsarin don gwaji hanya yake nunawa kawai. Gwajin jini da hoton ciki su ke tabbatar wa likita inda matsalar take.